In karɓi fansho a shekara 62 in koma gida, ko in ƙara haƙuri?

Alhaji Mai Tasi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana, ba wanda ya tsinta a bakin wani ba. An haife ni a 1963, ina cikin 'yan autan waɗanda Amurkawa ke kira bebi buma, wato haihuwar 1946 zuwa 1964. Na kusa cika 62, shekarun da ake fara ba mutum kuɗin Soshiyal Sikyuriti, wato fanshon gwamnatin Amurka, in ya nema. Gwiwa ta gaji, baya ya gaji, idona ba ya son tuƙin dare. Ina da gida a Kano, na gama shi, da shaguna biyu a jikinsa. Zuciyata na cewa in karɓi abin da ya samu, in bar unguwar Buronks ta Niyu Yok in koma. Uwargida ta ce in daure zuwa 67. Me kuka gani?

Ɗan Akanta:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin kowa ya ce maka tafi ko zauna, ga lissafin a fili. Duk wanda aka haifa a 1960 ko bayanta, cikakkun shekarun ritayarsa 67 ne. In ka fara karɓa a 62, za a yanke maka kashi 30 cikin ɗari, kuma yankan ya zauna ke nan har ƙarshen rai. Nan mutanenmu ke ruɗewa, suna zaton in sun kai 67 za a mayar musu cikakke. Ba a mayarwa. In kuma ka wuce 67 ba ka taɓa ba, ana ƙara maka kashi 8 kowace shekara har zuwa 70, daga nan ƙarin ya tsaya.

A ce cikakken haƙƙinka dala 1,000 ne a wata. A 62 za ka riƙa samun 700, a 67 dubu ɗaya cif, a 70 kuma 1,240. Wanda ya fara a 62 ya riga ya ci dala 42,000 kafin mai jiran 67 ya ga ko sisi. Shi kuma mai jira ya fi shi da 300 duk wata, sai ya yi wata 140 kafin ya kamo shi, wato yana shekara 78 da 'yan watanni. Daga nan zuwa sama, mai haƙuri ne ke kan gaba.

Baba Zango:
Ɗana Akanta, lissafinka ya yi kyau. Amma wa ya ba Alhaji takardar cewa zai kai 78? Ni haihuwar 1951 ne, namu cikakken 66 ne, na karɓa a 62 aka cire mini kashi 25, kuma ban taɓa cizon yatsa ba. Abin da ba ya shiga lissafinku shi ne wannan: ƙarfin da mutum ke da shi a 62 ba shi ne a 70 ba. Kuɗin da aka ƙara maka kana kan keken guragu, wa zai ci?

Bari in gaya muku abin da ritaya ta ba ni. Sallah biyar cikin jam'i, a sahun gaba, ba a bayan mota a gefen titi ina leƙen ɗan sanda kada ya manna mini tikiti ba. Bayan asuba ina zama gaban malami a Kumasi muna bitar Ƙur'ani, abin da na bari tun ina yaro. Jikokina sun san muryata a ɗaki, ba a waya ba. Hawan jinina ya sauka tun da na daina zaman awa goma sha biyu a kujera ɗaya ina riƙe fitsari. Ƙanina Alhaji, ka ji ta bakin wanda ya riga ka.

Maman Ikram:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ka bar rabin labarin. Duk shekara muna ganinka a Niyu Yok ka zo ganin likita. Da me kake ganinsa? Da Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke ba tsofaffi. Alhaji bai kai can ba. Medicare sai a 65 yake farawa, ko da ka karɓi soshiyal a 62. Shekara uku ke nan a tsakani da mutum zai nemo inshora da kansa.

Na biyu kuma, Medicare ba ya ƙetare teku. In kana Kano ciwo ya tashi, daga aljihunka za ka biya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a gidan kula da tsofaffi nake aiki a Merilan, kuma abin da na fi gani shi ne ciwon da ba ya kashewa da wuri: shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda mai wankin jini sau uku a mako, ruɗewar tsufa. Waɗannan su ke cinye gida da shaguna.

Malam Mai Ritaya:
Ni ina Zariya ina karanta ku ina dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo. Kuna gardamar ko a karɓa a 62 ko a 67, mu nan tambayarmu ita ce ko za a biya. Na yi shekara 35 ina riƙe alli. An sallame mu, garatuti ya zama sai an ga dama, fansho kuma sai an kira ka tantancewa, ka je ka tsaya a rana da fayil a hammata, dattijo da rawani yana neman inda zai jingina. Ba zan faɗi jiha ba, masu ita sun san kansu.

Alhaji, dala 700 ɗin da Akanta ke rainawa, a canjin 2024 da dala ta haura naira 1,500, ta wuce naira miliyan ɗaya a wata. Mafi ƙarancin albashi a nan naira 70,000 ne. Kana da gidanka, ba haya. Me kake jira?

Ɗan Akanta:
Malam, ban raina ba wallahi. Kuma dubu ɗayan nan misali ne kawai na kafa don lissafi ya yi sauƙi. Matsakaicin abin da mai ritaya ke karɓa a Amurka a 2024 wajen dala 1,900 ne a wata, amma wannan na wanda ya yi rayuwarsa duka yana aikin albashi ne. Mu baƙi lamarinmu daban.

Ga yadda ake auna shi. Da farko sai ka tara maki 40, wato kamar aikin shekara goma da aka biya haraji a kai. Wannan ƙofar shiga ce kawai. Yawan kuɗin kuma daga shekaru 35 mafiya tsoka a aikinka ake ɗauko shi. In shekara 25 ka yi, sauran goman sifili za a rubuta a raba da su. Kuma abin da ka bayyana wa hukumar haraji shi ake gani, ba abin da ka samu ba. Mai albashi ana cire masa kashi 6.2, mai gidansa ya ƙara 6.2, ban da 1.45 na Medicare kowannensu. Mai aikin kansa, irin direban tasi, shi zai biya duka biyun, kashi 15.3. Shi ya sa 'yan uwanmu da yawa suka yi ta rubuta ɗan kaɗan lokacin cike takardar haraji, ana murna an tsira. Yanzu ga ranar ta zo.

Alhaji, ka buɗe asusunka a shafin hukumar Soshiyal Sikyuriti, za ka ga abin da aka rubuta maka shekara bayan shekara, da abin da za ka samu a 62, 67 da 70. Kada a yanke komai kafin a ga wannan takarda.

Alhaji Mai Tasi:
Yarona ya buɗe mini jiya da daddare. Abin da ke ciki bai kai misalinka ba, Akanta. Akwai sifili da yawa a farkon layi, tunda ban shigo ƙasar da ƙuruciya ba.

Ɗan Akanta:
To a nan jira yana maka amfani ta fuska biyu. Ban da kauce wa yankan kashi 30, duk shekarar da ka ƙara ka bayyana samu mai kyau, tana ture sifili ɗaya daga cikin 35 ɗin.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da nake so matasa su ji shi ne labarin lambar tasi mai ruwan ɗorawa ta Niyu Yok, wato lambar izinin yin tasi a birnin. Shekara da shekaru direbobi sun ɗauke ta ita ce fanshonsu: ka ci bashi ka saya, ka biya a hankali, in ka tsufa ka ba da haya ko ka sayar. A 2014 ta haura dala miliyan ɗaya. Uber da Lyft suka shigo, cikin 'yan shekaru ta faɗo ƙasa da dubu ɗari biyu, bashin kuwa yana nan yadda yake. A 2018 an yi ta jin direbobi sun kashe kansu. Sai a 2021, bayan yajin cin abinci, aka sassauta wa wasu bashin. Mutanen nan ba ragwaye ba ne, ba kuma almubazzarai ba. Sun zuba komai a wuri ɗaya ne. Haka nake kallon mai cewa gidana a gida shi ne fanshona.

Alhaji Mai Tasi:
Gida dai ba ya faɗuwa kamar lamba, Ɗan Maraɗi.

Ɗan Maraɗi:
Ginin ba ya faɗuwa, Alhaji, kuɗin hayar ne ke faɗuwa. A 2015 dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ka lissafa hayar shagunanka na wancan lokacin da dala, ka lissafa na yau, ka gaya mana. Sannan wa ke karɓar hayar? In ɗan uwa ne, ka san sauran zancen. Mu namu sefa ne, yana ɗaure da yuro, bai yi irin wannan zubewar ba, amma ɗan uwa mai karɓar haya iri ɗaya ne ko'ina.

Abba Ƙarami:
Iyayenmu ku yi haƙuri in tsoma baki. Mu da muke ƙasa da arba'in muna biyan wannan haraji na soshiyal ne ba mu san ko za mu gani ba. An haifi mutum kusan miliyan 76 a Amurka a shekarun nan na bayan yaƙin duniya na biyu, sun sami gida da araha, jami'a da araha, da yawansu kamfani ya ba su fansho na har mutuwa. Mu aka bar mu da 401(k), asusun ritaya da ma'aikaci ke tarawa daga albashinsa, in kasuwar hannun jari ta faɗi ruwanka. A 1960 ma'aikata biyar ne ke ɗaukar mai karɓa ɗaya, yau ba su kai uku ba. Masu kula da asusun soshiyal da kansu sun ce wajen 2033 ajiyar za ta ƙare. In ni ne Alhaji, gobe zan karɓa tun kafin tukunyar ta ƙone.

Baba Zango:
Kai yaro, wane gida da araha? Lokacin da ake rabon gidajen nan ina Kumasi ina sayar da goro. Shekarun haihuwa kawai muka haɗa da su, ba gādo ba.

Ɗan Akanta:
Abba, gyara kaɗan. Ƙarewar ajiya ba ita ce ƙarewar biya ba. Harajin ma'aikata zai ci gaba da shigowa, kuma hasashen ya ce zai iya ɗaukar sama da kashi uku cikin huɗu na abin da ya kamata a biya, ko da majalisa ba ta yi komai ba. In kuwa aka yanke, wanda ya karɓa da wuri ma za a yanke masa, a kan ɗan abin da aka riga aka rage. Ba mafaka ba ce. Kuma an taɓa zuwa bakin ramin nan: a 1983, zamanin Reagan, asusun ya kusa kasa biya, aka yi gyara, a nan ne ma aka ɗaga shekarun daga 65 zuwa 67 a hankali. Tsarin nan tun 1935 yake, zamanin Roosevelt, kuma tsofaffi su suka fi kowa fita zaɓe. Ɗan siyasar da zai taɓa shi sai ya shirya.

Amma kana da gaskiya a kan 401(k). Daga dokar haraji ta 1978 ya fito, kamfanoni suka ga hanyar sauke nauyi, suka yi ta rufe tsohon fansho. Ƙananan bebi buma irin su Alhaji da yawansu ba su tarar da tsohon tsarin ba. Kuma waɗanda suka shirya ritaya a 2008 sun ga kasuwa ta zubar da fiye da rabin darajarta daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2009. Wasu dole suka koma aiki.

Hajiya Uwar Marayu:
Tun ɗazu maza ke magana, kowa na lissafin ransa shi kaɗai. Alhaji ya ce uwargida ta ce ya jira, ba wanda ya tambayi dalilinta. Ni na sani, domin ni ce wadda aka bari.

In miji ya rasu, matar ba ta haɗa nata da nasa. Wanda ya fi yawa a ciki shi za a bar mata, ɗayan ya tafi. Kuma abin da mijin ya zaɓa yana da rai shi ke binta. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya karɓa da wuri. Yau shekara ta juya, haya ta hau, ni ke zaune da wannan zaɓin. Mata sun fi maza daɗewa, kuma yawancinmu mun girmi mazanmu da komai ban da shekaru. Alhaji, shekarar 78 ɗin da Baba ke cewa wa ya ba ka takarda, ba taka kaɗai ake lissafawa ba. Ka tambayi kanka ko Hajiya za ta kai.

Ɗan Akanta:
Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk lissafina nauyi. A misalin nan na dubu ɗaya: in Alhaji ya karɓa a 62, abin da zai saura wa Hajiya in ta kai cikakkun shekarunta shi ne 825, domin doka ta ce kada ya gaza kashi 82.5 na cikakken haƙƙin mijin. In ya jira 67, dubu ɗaya. In ya kai 70, 1,240. Tana da rai kuma yana da rai, tana iya samun har rabin cikakken haƙƙinsa in nata bai kai haka ba.

Ɗan Maraɗi:
Mai mata biyu fa, ɗaya nan ɗaya gida?

Ɗan Akanta:
Dokar Amurka mace ɗaya ta sani. Ta biyun sai ka yi mata tanadi da hannunka, fili ko shago ko jari, da sunanta a rubuce, tun kana numfashi.

Malam Na Masallaci:
Jama'a, ina ganin wasu na jin nauyin wannan zance, kamar lissafin shekarun mutuwa rashin tawakkali ne. Ba haka ba ne. Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka tara hatsi saboda bakwai masu zuwa. Kuma lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so ya bayar da yawancin dukiyarsa sadaka yana jinya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsayar da shi a sulusi, ya nuna masa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ajali na Allah ne, tanadi kuwa an ɗora mana.

Abin da nake roƙo shi ne wasiyya. A ƙasar nan in ka mutu ba ka rubuta ba, dokar jihar da kake ita za ta raba, ba ruwanta da rabon gādo na shari'a. Mun sha zama a ofishin masallaci da iyalai ana kuka biyu, na rashi da na rabo.

Malam Mai Ritaya:
Na ji maganar Hajiya, jikina ya yi sanyi, na janye rabin abin da na faɗa. Amma bari in ƙara wani abu da ba na kuɗi ba, tunda na riga ku shiga.

Watannin farko na ritaya daɗi ne. Ka yi barcin hantsi, ka je duk ɗaurin aure, duk jana'iza. Daga nan sai ka lura waya ta daina ƙara. Wanda ke rusunawa ya gaishe ka a ofis yanzu daga kan babur yake ɗaga maka hannu. Na ga abokan aikina da suka rasa abin yi, daga tabarmar ƙofar gida sai majalisar mai shayi, gardamar siyasa tun safe har azahar, cikin shekara kaɗan suka tsufa tuɓus. Waɗanda suka yi ƙarko su ne masu abin da ke tashinsu da safe. Ni 'yan awaki ne da ɗan lambu a bayan gida, da yara masu shirin jarrabawa da nake koya wa lissafi da yamma a zaure. Ba don kuɗin ba.

Kuma Alhaji, Kanon da ka bari ba ita za ka tarar ba. Abokanka wasu sun rasu, wasu sun koma Abuja wajen 'ya'yansu. Kai kuma sunanka ya riga ya zama na Amurka. Duk mai takardar asibiti, duk mai kuɗin makaranta, duk mai aurar da 'ya, ƙofarka zai fara bugawa. Miliyan ɗayan nan da na yi maka lissafi, in ba ka iya cewa babu ba, ba za ta kai ashirin ga wata ba.

Baba Zango:
Wannan gaskiya ne Malam. Ni na yanka wa kaina ƙa'ida, akwai abin da na ware na zumunci duk wata, in ya ƙare ya ƙare. An yi fushi da ni shekarar farko, yanzu an saba.

Abba Ƙarami:
To ai mu muna nan. Ba don haka aka haife mu ba? In Baba ya tsufa mu za mu riƙe shi.

Maman Ikram:
Allah ya yi maka albarka Abba, niyyarka mai kyau ce. Amma zo ka ga yadda abin yake. Akwai wani dattijo da aka taɓa kawo mana, ɗan Afirka ta Yamma, 'ya'yansa huɗu, duk masu son sa. Sun riƙe shi a gida iya ƙarfinsu. Babbar ta ajiye aiki, na biyun yana zuwa da daddare ya juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ranar da suka kawo shi, babbar ta tsaya a bakin ƙofa da ledar kayansa, carbi da hula da 'yar rediyo, ta kasa shigowa. Ba rashin tarbiyya ba ne. Suna da haya, da bashin makaranta, da nasu yaran, kuma ba gidan gandu ba ne da za a ce matar wa ko ƙanwar uba ta karɓe ka na awa biyu.

Abin da mutane ba su sani ba: Medicare ba ya biyan zaman dindindin a irin gidanmu, wanka da ciyarwa da sauransu. Ɗan gajeren zama bayan kwanciyar asibiti kawai yake ɗauka. Medicaid, tallafin lafiyar gwamnati ga marasa ƙarfi, ke biyan dogon zama, shi kuma sai abin hannunka ya kusa ƙarewa, kuma a yawancin jihohi suna waiwayar shekara biyar baya su ga ko ka raba dukiya don ka cancanta. A wannan fuskar kam, gida ya fi. A Kano da ɗan kuɗi kaɗan za ka sami mai kula da kai, ga dangi, ga maƙwabta, ga kiran sallah. Shi ya sa ni ba na cewa kada ya koma. Cewa nake ya koma da shiri: magani a nan, jinya a can.

Malam Mai Ritaya:
Abba, kai da tsararrakinka na gida ma ku ji. Tun dokar 2004 ta zamanin Obasanjo aka koma tsarin tara da kanka, aka sake gyara ta a 2014: ma'aikaci kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, a asusu mai sunanka. Ya fi namu ta wajen cewa ba a jiran gwamna ya ga dama. Amma naira ce a ciki, kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a 2024. Kada ka dogara da shi shi kaɗai.

Baba Zango:
Mu ma a Ghana mun gani. A farkon 2023 tsofaffi masu takardun bashin gwamnati sai da suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Ankara, babban birnin Ghana, har da tsohuwar babbar mai shari'a Sophia Akuffo a cikinsu. Mutanen da suka yi abin da aka ce shi ne hankali, suka ba gwamnati ajiya.

Alhaji Mai Tasi:
Na gode ƙwarai. To in na ce zan karɓa a 62 amma in ci gaba da ɗan tuƙi da rana fa? In rage awa, in bar dare.

Ɗan Akanta:
Ana yi, amma akwai iyaka kafin ka kai 67. A 2024 iyakar dala 22,320 ce a shekara. Duk dala biyu da ka samu sama da haka, za a riƙe maka ɗaya. Ba ta ɓata ba, ana gyara maka lissafi in ka kai cikakkun shekaru, amma ka ga ka jawo yankan kashi 30 kuma ba ka ci kuɗin duka ba. In da ni ne, Alhaji, zan rage awa in bar dare kamar yadda ka ce, in ƙi taɓa soshiyal, in kai 65 in shiga Medicare, a duba gwiwar nan da idon nan a gyara abin da zai gyaru. Daga nan sai a sake zama. Ba dole sai 62 ko 67 ba, kowane wata da ka ƙara yana rage yankan. A 65 abin da za a cire bai kai kashi 14 ba.

Kuma kada ka yi wasa da rajistar sashen B na Medicare, na ganin likita. Ana biyansa duk wata, dala 174.70 ne a 2024. Wasu in za su koma gida sai su ƙi shiga don kada a riƙa cire musu. In ka dawo daga baya kana so, tarar kashi 10 ce a kan kowace shekara da ka yi jinkiri, kuma tana bin ka har abada.

Baba Zango:
Ni ina biya ina Kumasi. Yana mini ciwo duk wata, amma ina biya.

Hajiya Uwar Marayu:
Wata tambaya Alhaji, ka yi haƙuri. Kai da Hajiya duk kuna da fasfo ɗin Amurka?

Alhaji Mai Tasi:
Ni ina da shi. Ita katin izinin zama na dindindin ne da ita, ta daɗe da shi, sama da shekara ashirin. Tsoron jarrabawar Turanci ya hana ta neman zama 'yar ƙasa.

Ɗan Akanta:
To wannan ya riga komai. Ɗan ƙasa ana tura masa kuɗinsa ko yana Kano ko yana Kumasi. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ƙa'idar ita ce in ya yi wata shida a jere a waje a tsayar da biya, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma Amurka ba ta da yarjejeniyar fansho da Najeriya ko Nijar ko Ghana. Sannan katin zaman kansa yana iya salwanta in ta shekara a waje ba tare da izinin dawowa ba. Ka ga za ka iya jira har 67 saboda ita, ka kai ta gida, ranar da ta fi buƙatar kuɗin a ce ba ta cika sharaɗi ba.

Maman Ikram:
Kuma tsoron nan nata ba shi da tushe yanzu. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya yi 20 da katin zama, ko ya kai 55 ya yi 15, an ɗauke masa jarrabawar Turanci. Tambayoyin tarihi da tsarin mulki kawai za ta amsa, kuma da harshenta, ta zo da tafinta. Alhaji, shekarunta nawa?

Alhaji Mai Tasi:
Ta ba hamsin baya. Wato da Hausa za ta amsa?

Maman Ikram:
Da Hausa. Ka ce ta kira ni ranar Lahadi bayan la'asar, ina da tambayoyin a rubuce, za mu fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Uwar Marayu:
Ku sa ni a ciki, akwai mata biyu a unguwarmu da ke cikin irin wannan hali, zan zo da su.